Batirin tsohuwar Hilux yana mutuwa idan ta kwana biyu a ajiye: yadda ake gano abin da ke shan wutar

Tambayar ta fito ne daga wani bawan Allah mai tsohuwar Toyota Hilux ta shekarun 1990, mai injin dizal, wadda yake ɗaukar kayan gona da ita. Ya ce matuƙar yana hawanta kullum ba ta ba shi matsala, amma da zarar ta kwana biyu a ajiye sai batir ya mutu murus. Ya sayi sabon batir, bai yi wata uku ba aka koma gidan jiya, yanzu kuma ana ba shi shawarar ya sake sayen wani. Yana neman sanin ainihin inda matsalar take.

Malam, abu na farko da zan roƙe ka shi ne ka riƙe kuɗinka tukuna, kada ka sayi batir na uku sai an yi awo. Matsaloli uku ne suke bayyana da fuska ɗaya a mota. Idan ka cika randa da yamma ka tarar da ita wayam da safe, ko dai randar ce ta tsage, ko tun farko mai ɗebo ruwan bai cika ta ba, ko kuma wani ne yake ɗiba cikin dare. Haka batir yake: ko shi kansa ya lalace ba ya riƙe caji, ko altanato, wato na'urar da ke yi wa batir caji, ba ya cika shi lokacin da mota take tafiya, ko kuwa akwai abin da yake ci gaba da shan wuta bayan an zare makulli. Bayanin da ka yi ya fi karkata ga na ukun, amma ba a yanke hukunci da zato, kuma rarrabe su ba ya buƙatar komai in ban da ƙaramar mitar awon wuta irin ta masu gyaran rediyo, da sifana mai lamba 10, da haƙuri.

Ka fara da batirin. A kai shi wurin masu caji a cika shi sosai, sannan a bar shi ya huta na wasu sa'o'i kafin a auna, domin awon da aka yi nan take bayan caji yakan nuna fiye da gaskiya. Lafiyayyen batir da ya cika yana nuna bolt 12.6 ko sama kaɗan. Idan ya nuna 12.4 ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, 12.2 kusan rabi ke nan, 12.0 kuwa abin da ya saura bai taka kara ya karya ba. Bayan ka rubuta abin da mita ta nuna, ka ɗora shi a mota amma ka bar kan nagatif a cire, ka ƙyale shi kwana biyun da ya saba mutuwa a cikinsu. Idan ka dawo ka tarar ya faɗo ƙasa da 12.4 alhali babu abin da ke haɗe da shi, to batirin ne yake cin kansa, kuma ba sai an wahalar da wayarin mota ba. Idan kuwa yana nan a 12.5 ko 12.6 ya kuma tayar da mota garau, to ɓarawon yana cikin motar.

Awon altanato ba ya ɗaukar lokaci. A tayar da inji, a ɗora mita a kawunan batir: ya kamata a ga tsakanin bolt 13.8 da 14.5, kuma kada ya faɗo ƙasa da 13.5 idan an kunna manyan fitilu an ɗan taka totur. Idan bai kai haka ba, a duba bel ko ya saki, a duba kawunan batir da wayar da ke ɗaure a jikin inji da bodi. Sai dai ka riƙe wannan a ranka, zan dawo kansa: altanato yana iya nuna caji mai kyau kuma ya zama shi ne mai shan wutar da dare.

Kafin a ci gaba, ka dubi saman batirin da idonka. Ƙurar hunturu idan ta haɗu da danshin ruwan batir takan zama wata dauɗa mai maiƙo da wuta ke bi ta cikinta daga kai ɗaya zuwa ɗayan. Ka sa baƙin tsinken mita a kan nagatif, ka riƙa jan ja a kan robar saman batirin; idan mita tana nuna wasu bolt, to wuta tana tsiyaya ta nan. A wanke da ruwan da aka jiƙa sodar yin burodi a ciki, a kula kada ya shiga ramukan batirin, a goge ya bushe. Wannan kaɗai da wuya ya kashe batir cikin kwana biyu, amma yana ƙara wa matsalar nauyi.

Yanzu bari mu yi ɗan lissafi, domin shi zai gaya mana girman abin da muke nema tun kafin mu taɓa waya. A ce batirinka mai 70Ah ne, wato a ƙa'ida zai iya ba da amfiya 3.5 har tsawon sa'a 20. Injin dizal yana buƙatar ƙarfi sosai wajen tashi, ga kuma hita mai ɗumama cikin inji da ke shan nata kason kafin kik, wato na'urar da ke tayar da inji, ya juya, saboda haka batirin da ya sauka zuwa rabi yakan fara gazawa. Rabin 70 shi ne 35, idan aka raba shi ga sa'a 48 za a samu kimanin amfiya 0.7. Ke nan abin da ke damun motarka yana shan tsakanin rabin amfiya zuwa amfiya ɗaya ko fiye. Ƙaramin ƙwan fitila mai wat 5 yana shan kimanin amfiya 0.4, ƙwan birki mai wat 21 yana shan kusan 1.75, rile guda, wato ƙaramin makunnin da wuta ke kunnawa da kashewa, idan ya maƙale a kunne yana shan tsakanin 0.15 da 0.2 ban da abin da yake ciyarwa. Agogon mota da ma'ajiyar tashoshin rediyo kuwa 'yan miliamfiya kaɗan suke sha, ba su isa su yi wannan ɓarnar ba. Abin da ake ɗauka a matsayin daidai shi ne kada shan wutar mota a kashe ya wuce miliamfiya 50, wato amfiya 0.05, kuma tsohuwar mota irin taka da ba ta da tarin kwamfutoci ya kamata ta tsaya ƙasa da haka nesa ba kusa ba.

Ga yadda ake awon. A kashe mota, a zare makulli, a kashe komai, a cire duk cajar waya da ke soke. Tunda za ka buƙaci ƙofa a buɗe domin kai wa ga akwatin fiyus, ka danne maɓallin da ke jikin ƙofar da salatif don fitilar ciki ta mutu. Ka cire zobe da agogon ƙarfe, kada kuma a sha taba ko a kawo wuta kusa, domin batir yana fitar da iskar da ke kamawa. Ka mayar da jan tsinken mita ramin da aka rubuta 10A, ka juya mitar zuwa awon amfiya na DC. Za a sa mitar ne a tsakanin kan nagatif na batir da wayar da aka cire daga kansa, ta yadda duk wutar da motar ke sha sai ta bi ta cikin mitar. Ana aiki da nagatif ne ba fosatif ba saboda idan sifana ta taɓa bodi babu abin da zai faru.

Akwai wata dabara a nan da nake ganin da yawa daga cikin masu gyara suna tsallakewa, alhali ita ce takan raba nasara da ɓata lokaci. Kada ka cire wayar gaba ɗaya sannan ka haɗa mita. Ka sassauta notin, ka manna tsinke ɗaya a jikin dalmar kan batir daga ƙasa, ɗayan a jikin ƙarfen wayar, sannan ka ɗaga wayar a hankali ba tare da tsinkayen sun rabu da wurarensu ba. Dalili shi ne rile da ya maƙale yakan saki da zarar an yanke masa wuta ko da na daƙiƙa ɗaya ne, sai ka auna ka ga komai lafiya lau, ka mayar, washegari bayan an hau motar ya sake maƙalewa. Don haka ma ya fi kyau a yi awon bayan an dawo daga tafiya, a yanayin da motar ta saba kwana a ciki. Kuma matuƙar mita tana tsakani, kada a murɗa makulli ko kaɗan. Hita ita kaɗai tana jan amfiya gommai, kik kuwa ɗaruruwa, nan take fiyus ɗin cikin mitar zai ƙone, idan kuma mitar mai araha ce marar fiyus, wayoyinta ne za su narke a hannunka.

Ka ba motar 'yan mintuna kafin ka yarda da abin da ka gani. Sababbin motoci sukan ɗauki rabin sa'a ko fiye kafin kwamfutocinsu su yi barci, amma taka ba za ta daɗe ba. Idan lambar ta tsaya a 0.02 ko 0.03, babu shan wuta a wannan lokacin. Idan ta tsaya a 0.6 ko 0.9 ko sama, an kama hanya. Wanda ba shi da mita yana iya sa fitilar gwaji mai ƙaramin ƙwai a wannan gurbi, idan ta kama da haske sosai akwai babban sha. Amma fitila ba ta faɗin adadi, kuma irin ta zamani mai ƙwan LED tana kamawa ko da wutar agogo ce kawai ke wucewa, sai ta sa mutum farautar abin da babu shi.

Daga nan sai cire fiyus ɗaya bayan ɗaya, wani yana kallon mita yana faɗa maka. Ka ɗauki hoton akwatin da wayarka kafin ka fara, domin kowane fiyus ya koma gurbinsa, kuma ka tuna akwati biyu ne, ɗaya a ƙasan dashbod ɗaya kusa da batir. Fiyus ɗin da aka cire lambar ta faɗi, layinsa ne ke da matsalar. Akwai kuma hanyar da ba sai an cire komai ba: a mayar da wayar batir, a sa mita a awon milibolt, a taɓa ƙananan ƙarafa biyu da ke leƙowa a bayan kowane fiyus. Wanda babu wuta a cikinsa zai nuna sifili, wanda wuta ke bi zai nuna wani abu, misali fiyus mai lamba 10 da rabin amfiya ke ratsawa yakan nuna kimanin milibolt 4.

Gano fiyus ba shi ne gano laifin ba, domin fiyus guda yakan ciyar da abubuwa da dama. A mayar da shi, a riƙa cire soket ɗin abubuwan da ke kan layin ɗaya bayan ɗaya har lambar ta sake faɗi. Waɗanda aka fi kamawa a tsofaffin motoci su ne fitilar cikin aljihun dashbod da ba ta mutuwa idan an rufe, da maɓallin fitilar birki da ya goce ya bar fitilun baya a kunne ba a lura ba saboda hasken rana, da rile na hita ko na fanka, da makunnin mota da ya sassauce har yana barin layin rediyo a kunne bayan an zare makulli. Zagaya motar cikin duhu yakan tona asirin fitilu, taɓa kowane rile da yatsa bayan motar ta huce kuma yakan tona na rile, domin wanda ke kunne za ka ji shi da ɗumi.

Sai dai abin da na fi so ka mayar da hankali a kansa shi ne abin da zai faru idan ka cire fiyus duka lambar ba ta motsa ba. A nan ne mutane da yawa suke karaya su ce wayarin motar ne gaba ɗaya ya lalace, alhali sakamakon albishir ne, domin ya rage waɗanda ake tuhuma zuwa 'yan kaɗan: abubuwan da ke haɗe da batir kai tsaye ba ta cikin ƙananan fiyus ba. Na farkonsu, kuma wanda na fi zargi a mota mai shekarun taka, shi ne altanato.

Altanato yana samar da wuta mai kaiwa da komowa ne, batir kuwa mai tafiya fuska ɗaya yake karɓa, saboda haka a cikinsa akwai dayod aƙalla guda shida da aikinsu shi ne barin wuta ta fita zuwa batir su hana ta dawowa. Babbar wayar da ke bayansa tana haɗe da fosatif na batir dare da rana, ko da makulli yana aljihunka. Idan dayod ya lalace, wuta tana iya komowa ta bi ta cikin naɗin wayoyinsa duk tsawon dare, sauran dayod ɗin kuma suna ci gaba da yin caji da rana, shi ya sa fitilar caji ba lallai ta kama ba kuma mita za ta iya nuna bolt 14 kamar babu komai. Wannan ya yi daidai da abin da ka faɗa, cewa idan ana hawa kullum lafiya, idan an ajiye sai mutuwa. Haka kuma regileta, wadda ke daidaita ƙarfin cajin, idan ta lalace takan bar wuta tana shiga naɗin da ke juyawa a tsakiya, wanda shi kaɗai yana iya shan amfiya 2 zuwa 4. Alamar wannan a fili take: da safe inji ya yi sanyi amma bayan altanato da ɗumi, kuma idan ka kai bakin sukudireba kusa da fulinsa, inda bel ke zagayawa, za ka ji maganaɗisu yana jan ta.

Tabbatarwa ba wuya. A cire kan nagatif gaba ɗaya tukuna, domin babbar wayar nan tana ɗauke da dukan ƙarfin batir kuma idan sifana ta haɗa ta da jikin inji tartsatsin ba na wasa ba ne. A kwance ta daga bayan altanato, a naɗe bakinta da salatif, a zare soket ɗin ƙananan wayoyin, sannan a mayar da mita a sake awo. Idan shan wutar ya ɓace, an gama bincike. Ana iya ƙara shaida ta hanyar sa mita a awon AC, wato na wuta mai kaiwa da komowa, a bayan altanato lokacin da inji ke aiki. Idan ta kai rabin bolt, dayod sun samu matsala. Gyaran ba lallai ya kai ga sayen sabon altanato ba, ƙwararren mai riwaya zai iya canza farantin dayod ko regileta kawai. Idan injinka irin 2L ne ko 3L, waɗanda aka fi samu a Hilux na wancan zamani, famfon da ke sauƙaƙa taka birki yana manne a bayan altanato kuma baƙin mai ne ke shafa shi, don haka a duba ko robar da ke tare man ta mutu yana tsiyaya ciki. Idan aka canza dayod aka bar yoyon, mai da ƙura za su sake cika shi.

A nan dole in yi magana a kan wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejojinmu kuma take ba ni takaici, wato cire kan batir alhali inji yana aiki don a ga ko altanato yana caji, ko kuma tayar da mota da batirin aro sannan a zare shi a mayar da mataccen ba tare da an kashe inji ba. Batir shi ne yake danne hauhawar wutar altanato, da zarar an raba su wutar takan yi tsalle ta kashe dayod da regileta. Haɗa wayoyin taimako a juye ko da na ƙiftawar ido ne, da yin walda a jikin mota ba a cire batir ba, su ma haka suke yi. Mutumin da batirinsa ke yawan mutuwa shi ne aka fi yi wa motarsa waɗannan abubuwa, sai matsala guda ta haifi ta biyu. Idan wani ya kai hannu zai yi wannan gwaji a motarka, ka hana shi ka miƙa masa mita.

Idan altanato ya fita daga zargi, a cire wayar kik ta wannan hanya a gwada, duk da cewa ba kasafai yake zama shi ba. Sannan a dubi kan fosatif na batir da kyau a ƙidaya wayoyin da ke ɗaure a wurin. Motar da ta shekara kusan 30 ta ratsa hannaye da yawa, kuma kowane hannu yakan bar nasa ƙari: rediyon da aka haɗa wayoyinsa biyu wuri guda don ya yi aiki ba makulli, amfilifaya da ba ta mutuwa, ƙarin fitilun gaba, ham mai iska, na'urar bibiyar mota ko ta ƙararrawar ɓarayi da mai motar na farko ya sa aka manta da ita a ƙarƙashin dashbod. Duk wayar da launinta ko naɗinta bai yi kama da na kamfani ba, a cire ta a auna. Tunda kuma motarka ta kayan gona ce, ka duba inda ɓeraye suka yi sheƙa, a bayan dashbod da ƙarƙashin kujera, da wayoyin da suka bi ƙasan bodi zuwa fitilun baya, domin nan ne roba takan goge a jikin ƙarfe. Irin wannan laifin yakan zo ya tafi, ya tsananta da damina ko bayan wankin inji, don haka idan awon farko ya fito lafiya a maimaita shi a ranar da motar ta jiƙe, ana girgiza damin wayoyin da hannu ana kallon mita.

Masu manyan motoci da ke aiki da bolt 24 su ma su lura da wani abu makamancin wannan. Batir biyu ne a jere, kuma idan aka ja wayar rediyo ko ta cajar waya mai bolt 12 daga guda ɗaya kawai, wannan batirin ba zai taɓa cika daidai da ɗan'uwansa ba, shi yana ramewa ɗayan yana shan cajin da ya wuce kima, har su lalace duka biyun. Abin da ya dace shi ne a sa na'urar da ke rage bolt 24 zuwa 12, a ɗauki wutarta daga batiran biyu tare.

Bayan an gano laifin an gyara, sai a koma kan batirin da ka saya wata uku da suka wuce. Batirin tayar da mota ba a ƙera shi don a riƙa zazzage shi ƙarƙaf ba, kuma duk lokacin da ya mutu ya kwana a haka wani farin gishiri yana daskarewa a farantansa yana rage masa ƙarfi, zafin ƙasarmu kuma yana hanzarta hakan. A yi masa caji a hankali da kimanin kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa, wato amfiya 7 ga mai 70Ah, na tsawon dare guda ko fiye, kada a bar wa altanato aikin cika mataccen batir domin yana sa shi zafi. Idan mai murafu ne, a cika ramukan da tataccen ruwa kawai, ba asid ba. Sannan a gwada shi a kan aiki: mita tana kan batir a murɗa kik, idan wutar ta faɗo ƙasa da bolt 9.6 ya riga ya gaji, a lokacin ne sayen sabo ya zama dole. Kafin ka samu damar yin duk wannan, ka riƙa cire kan nagatif a duk daren da motar za ta kwana ba aiki, ko ka sa a ɗaura maka maɓallin yanke wuta a kansa. Hakan zai ceci batirin na ɗan lokaci, amma idan waya ce ta goge take taɓa bodi haɗarin gobara yana nan a duk lokacin da aka mayar da wutar, saboda haka kada ka jinkirta awon.